Na Ce Ta Bar Shi Ya Tafi

Malam Edita, sallama gare ka da masu karatu baki ɗaya. Ina roƙon ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba, waɗanda suka san zancen za su gane, waɗanda ba su sani ba kuma darasin ya ishe su.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a Mubi, ban cika talatin ba. An kawo ni garin ina amarya a shekarun da ake ƙuri'ar nan ta ko a zauna da Najeriya ko a bi Kamaru. Maigidana ɗan kasuwa ne, iyayensa daga Barno suka zo, yana sayen gyaɗa a ƙauyuka yana tarawa a gida. Karatuna bai wuce allo da ɗan yaƙi da jahilci ba. Abu uku aka san ni da su a unguwa. Na farko ba na son fita, ko biki ne sai an yi ta aike kafin in ɗauki mayafi, ba don an hana ni ba, ni dai tsakar gidana ta fi mini ko'ina. Na biyu surutu, uwar mijina takan ce da ana sayar da magana da mun gina bene. Na uku kunne. Duk wanda ya yi magana sau ɗaya a gabana na ɗauke muryarsa ke nan. Ina kwaikwayon Bafulatana mai nono, ina kwaikwayon Hausar mutanen Gude da ta mutanen Michika, har ta surukata nakan yi in ba ta kusa, mata su yi ta dariya har da hawaye. Ina taƙama da kunnen nan ƙwarai. Nakan ce ni ba a yi mini magana a dunƙule.

Sai yaƙin basasa ya zo. Samari da magidanta da yawa daga kan duwatsun nan suka shiga soja. Wasu suka riƙa aiko hoto da wasiƙa, wasu kuma sai dai a kawo akwatin ƙarfensu da bargo a ciki, a ce sai haƙuri. Babu gawa, babu kabari. A daidai lokacin akwai 'yan mata da ke zuwa gidanmu ɓarar gyaɗa, masu shekara sha uku zuwa sha shida, Musulmi da Kirista, kowa da yarenta, Hausa ce ke haɗa mu. Wata rana muna cikin ɓara sai ɗaya ta kifa kai a kan gwiwa ta fashe da kuka, ba wanda ya taɓa ta. Ashe an kawo akwatin yayanta kwana uku da suka wuce, a gida kuma an ce kada ta yi kuka gaban uwarta. Kafin in rarrashe ta wata ta kama, ita uwarta ce ta rasu wajen haihuwa. Na tuna kaina. Ina da shekara sha huɗu mahaifiyata ta rasu, kuma daga ranar sadakar bakwai ba wanda ya sake ambatonta a gabana, sai ka ce ba a taɓa yin ta ba. Na ce a raina waɗannan yaran ba za su haɗiye abin da na haɗiye ba.

Haka zaman ya samo asali. Kowace Alhamis bayan azahar sai in shimfiɗa tabarma biyu a gindin dalbejiya, in dama kunun gyaɗa, su zo su bakwai, wani lokaci takwas, duk waɗanda suka yi rashi. Hannu na aiki baki na magana, don na lura yarinya ta fi sakin zuciyarta in idonta na kan ƙwarya ba kan fuskar mutum ba. In babu gyaɗa mu tsince wake, ko mu murza ƙuli. Suna kirana Goggo. Na kafa musu doka biyu. Ta farko, in ɗaya tana magana ba mai katse ta, in ta gama ni ce zan ba da amsa. Ta biyu, ba a kiran sunan wanda ya tafi, ba a ma cewa babana ko mamana, sai dai a ce shi ko ita. Na ce musu don girmama mamaci ne. Gaskiyar magana kuwa, na ga da zarar an ce baba sai kuka ya ɓarke a tabarmar gaba ɗaya, ni kuma ba na iya jure kuka mai yawa, zuciyata ba ta ɗauka. Don sauƙin kaina na kafa dokar, yau ne nake iya faɗa.

Zaman ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Wadda ba ta iya barci ta fara barci. Wata Bafulatana da aka horar da cewa kuka abin kunya ne, sai da ta yi wata biyu ba ta ce uffan ba, rannan ta buɗe baki ta ba mu labarin yadda mahaifinta yake kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Iyaye suka fara aiko mini da godiya, wata ta aiko da kaza. Kaina ya fara girma. Na fara jin cewa kafin yarinya ta rufe baki na riga na san ciwonta da maganinsa.

Cikinsu akwai wata siririya mai shekara sha biyar, Kirista, asalinsu mutanen wajen Sahuda ne amma suna zaune a bakin gari, hayin mayo, wato rafin da ya raba unguwarmu da gonaki. Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Mahaifinta soja ne, an kawo akwatinsa da rani. Hausarta irin ta mutanenmu na nan ce, ba ta raba namiji da mace, kowa shi ne, kowa ya zo ya tafi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Mubi, rabin kasuwa haka suke magana, kuma na fi kowa sani tunda da shi nake ba mutane dariya. Ita kanta na taɓa yi mata. Tun kafin rasuwar mahaifinta, wata rana ta ce mamanta ya tafi gona, sai na maimaita da muryarta, na tambaye ta ko gemu gare shi maman nata. Yara suka kwashe da dariya, ita ma ta yi murmushi, amma daga ranar ban sake jin ta ambaci uwarta a gabana ba. Ban ɗauki abin a bakin komai ba.

Makonnin farko in layi ya zo kanta, zancen mahaifinta take yi. Shi ya saya mata takalmin roba, shi ya aiko hoto da bindiga a kafaɗa, shi ya ce in ya dawo zai sa ta makarantar koyon jinya. Da damina ta kankama sai zancen ya sauya. Wata Alhamis ta ce, idonta na kan waken da take tsincewa: "Goggo, shi yana zuwa bakin mayo kullum. Yana zama a kan dutse yana kallon hanya. Ba ya magana." Na ce a raina yarinya ta fara ganin fatalwar ubanta, ga shi ba a binne shi a gabansu ba balle zuciya ta yarda. Na ce mata hakan yakan faru, ni ma na sha ganin tawa a mafarki, ta riƙa addu'a irin tasu, zai wuce. Ta dube ni kamar za ta ƙara wani abu, sai na juya na ce wa ta kusa da ita bismillah.

Mako na gaba ta ce ta kai masa tuwo bakin mayon bai ci ba, har ƙudaje suka rufe kwanon. Ta ce kullum da yamma sai ta je ta kama hannunsa ta yi ta roƙo kafin ya tashi. Nan kuma wani tunanin banza ya shigo mini. Na ce wato duk da zuwa coci ba su bar al'adar kan dutse ba, ta kai wa matattu abinci. Ban taɓa ganin an yi ba, ji kawai nake yi a bakin mata, amma na ɗora mata. Ban tambaye ta wa take nufi ba. Kalma ɗaya ce, wa, ko yaron goye ya iya ta. Ni mai kunnen da ba a yi wa magana a dunƙule, ban faɗe ta ba.

A mako na uku da aka tashi ta ƙi tafiya, ta tsaya tana taya ni naɗe tabarma. Ta rame, wuyanta duk ƙashi. Ta ce don Allah in zo in gan shi da idona, wataƙila ni zai ji maganata tunda kowa yana jin maganata. Malam Edita, daga ƙofar gidanmu zuwa hayin nan, shinkafa ba za ta nuna ba ka isa. Maigidana bai taɓa hana ni dubiya ba. Amma ga hadari ya haɗo, ga tuwon dare ban ɗora ba, ga tsoron in je in tsaya gaban dutse ana nuna mini abin da ba na gani, ga kuma halina na ƙin fita. Sai na zaunar da ita na ba ta shawara, da murya mai taushi, ina shafa kanta. Na ce ta daina kai masa abinci. Na ce ta daina zuwa tana kama hannunsa, don muddin tana binsa tana lallashi ba zai bar wurin ba, ita ma ba za ta huta ba. Na ce ta daure ta bar shi, da kansa zai tashi ya koma gidan gaskiya.

Ta tambaye ni ko in ta bar shi zai samu sauƙi. Na ce zai samu, ita ma ta samu. Ta ce ko kwana nawa. Na ce ta gwada bakwai ta gani. Ta durƙusa ta yi mini godiya. Na ƙulla mata ƙuli a gefen zanenta, na ce ta yi sauri kada ruwa ya tare ta. Har na ji daɗi a raina, na ce yau na cire wa yarinya ƙaya.

Ranar Litinin aka kwana ana ruwa aka wuni ana yi, irin na marka, mayo ya cika ya tumbatsa har gonakin bakinsa. Ranar Alhamis na shimfiɗa tabarma, yara suka zo, babu ita, kuma ba wadda ta taɓa kunun. Na tambaya ina 'yar Sahuda. Bafulatanar nan ce ta amsa, kanta a ƙasa, ta ce ai suna zaman makoki, an tsinci mamanta jiya da safe can ƙasa inda mayon ya yi kwana, ruwa ya tafi da ita. Na yi salati, na ce me ya kai matar bakin ruwa a irin wannan ranar. Sai suka ɗago gaba ɗaya suna kallona. Bafulatanar ta ce, a hankali kamar mai tsoron kada ta yi mini rashin kunya: "Goggo, ai a can take zama kullum. Ita ce ake ba ki labari."

Ashe tun da aka kawo akwatin matar ta daina magana, ta daina ci, kullum sai ta tafi ta zauna kan dutsen da ke kallon hanyar da mijinta ya bi ranar da ya tafi. 'Yarta ce ke kai mata tuwo, ita ce ke zuwa da yamma ta jawo ta gida. Duk yaran sun sani, don su kunnensu ya saba, shi a wajensu yana iya zama kowa. Na ce to me ya hana su gaya mini. Suka ce ai na hana katse magana, na hana a ce mamana, kuma ni ce mai ba da amsa. Sun ɗauka na gane, sun ɗauka wata dabara ce ta manya. Ɗaya ta ce ta so ta yi magana amma ta tuna Goggo ba a yi mata magana a dunƙule. Da bakina aka mare ni.

Washegari na ɗauki mayafi na haye mayon, ruwan ya janye har duwatsun tsallakawa sun fito. Tafiyar da na ƙi yi don mai rai na yi ta don gawa, kuma ko gumi ban yi ba na isa. Na ga dutsen, wani faffaɗa ne a bakin gaɓa, har da kwanon sha a gefe da laka ta cika shi. A gidan mata sun cika suna waƙoƙin coci. Ba wanda ya san ko santsi ne ya ɗebe ta ko ruwan ne ya zo ya same ta a zaune ta ƙi tashi, Allah kaɗai ya sani. Abin da aka sani shi ne kwana huɗu ke nan 'yarta ba ta je ɗauko ta ba, takan dawo da kanta in duhu ya yi, ranar kuwa ba ta dawo ba. Yarinyar tana can ƙuryar ɗaki. Na yi gaisuwa a tsakar gida, na kasa shiga, na juyo.

Bayan mako biyu ita ta zo. Da hantsi ne, ina tankaɗe. Ba ta shigo tsakar gida ba, ta tsaya a bakin zaure da ƙunshin kayanta a ka, kawunta na jiranta a waje zai tafi da ita can ƙauyensu. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da durƙusawa. Sannan ta ce ta yi yadda na ce, ta bar shi, amma bai koma gida ba. Ta ce ita da na ce gidan gaskiya ta ɗauka gidansu nake nufi, gidansa na ainihi, sai a wurin makoki wata mai sayar da itace ta gaya mata abin da Hausawa ke nufi da kalmar. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi, ta ce: "An ce kabari ne. Goggo, kin sani tun ranar?"

Na rantse mata da Allah ban sani ba. Na ce na ɗauka mahaifinta take gani, na ɗauka shi take kai wa abinci. Ina magana ina kuka, rariya na hannuna. Ta saurare ni har na gama, kamar yadda na koya musu. Sai ta ce: "Babana ya mutu, Goggo. Wanda ya mutu ba ya jin yunwa." Ta gyara kayanta ta fita. Ban sake ganinta ba.

Zaman Alhamis bai ƙara wata guda ba ya watse. Ba iyaye suka hana ba, ni ce na kasa. In yarinya ta buɗe baki sai tsoron kuskure ya hana ni ba ta shawara, su kuma suka ga Goggon da suka sani ba ita ba ce, suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wato bayan uwar da na rasar wa yarinya ɗaya, sauran shidan ma na raba su da inuwar da suka samu. Kwaikwayon murya kuwa na bar shi har abada. Na sha aika tambaya wajen masu zuwa cin kasuwa daga Sahuda, wani ya ce an aurar da ita a tsallaken iyaka, wani ya ce ba ta yi aure ba, wani ya ce bai san ta ba. Makarantar jinya dai na san ba ta je ba. Maigidana da malamai sun ce mini kwana ne ya ƙare, ko na je ko ban je ba sai ta tafi. Na yarda da ƙaddara, ban musa ba. Amma ƙaddara ba ta hana ni sanin cewa yarinya ta zo ƙofata sau uku tana neman a taimaki uwarta, ni kuma na sallame ta da ƙuli. Ita ce ta cire hannunta daga hannun uwarta, da umarnina, kuma da wannan za ta rayu. Na roƙi gafarar Allah, tata ce ban samu damar roƙa ba, don ranar da ta tsaya a zaure kare kaina na tsaya yi.

Shi ya sa nake kira ga duk wanda Allah ya sa yara masu rashi suke zama a gabansa, ko malamin makaranta ne, ko matar fasto, ko uwar gida irina. Tara su alheri ne, kada labarina ya hana kowa. Amma kada ka kafa dokar da za ta sauƙaƙa maka kai ta rufe musu baki. Bar su su kira wanda suke nufi da sunansa, ko kukan zai kai magariba. Bar su su gyara maka in ka kauce, don sau da yawa na kusa da yaro a tabarma ya fi ka jin sa. Kada ka yi wa yaro dariyar harshensa, ba ka san kalmar da zai daina faɗa a gabanka ba. Kada ka yi wa wanda Hausa ba nononsa ba ce magana a cikin zaurance ranar da rai ke kan gaba. Kuma ka tuna gidan da aka yi rashi ba mutum ɗaya ke ciwo ba, yaron da ya zo wurinka wataƙila shi ne mai sauƙin cikinsu. In ya ce zo ka gani, tashi ka je, tuwo zai jira.

Har yau in ruwan marka ya sauko na ji ƙarar mayo daga tsakar gida, sai in sami kaina ina tambayar da ban yi ba, a fili, ni kaɗai: wa kike nufi, 'yata?